Mai waƙa ya mutu, waƙa ta zama ta mai tsinta?

Tun da wuri in faɗa, rubutun nan dogo ne, wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare. Na kuma san zai sosa ran wasu, musamman ƙannenmu masu shiga situdiyo da iyayen gidansu 'yan siyasa. A yi haƙuri, maganar ta daɗe tana cina.

Duk shekara in watan Yuni ya kama, sai Facebook ya cika da hoton Alhaji Mamman Shata da na Ɗanmaraya Jos, saboda Shata ya rasu ran 18 ga Yuni 1999, Ɗanmaraya kuma ran 20 ga Yuni 2015. Kowa yana Allah ya jiƙan maza, kowa yana ba za a sake irinsu ba. Madalla, addu'a ba ta yawa. Abin da ke biyo bayan addu'ar shi ne damuwata. Yaro zai shiga situdiyo a Kano ko Kaduna, ya ɗauki waƙar mamaci sukutum da guda, ya ɗora mata fiyano, ya manna hotonsa da baƙin gilashi, ya rubuta wai tunawa da marigayi, ya watsa a YouTube da Audiomack da TikTok. Kafin sati ta iso teburin masu tura waƙa a waya a tashar Karaye da kasuwar Rogo. Shi ya yi suna, an fara kiransa biki, in ta karɓu har 'yan daloli su shigo. Iyalin mai waƙar fa? Ko gaisuwa ba a aika musu ba. Wai wannan ne karramawa. Ni dai sunan da na sani na ɗaukar kayan mamaci ba da sanin magada ba daban ne, kuma ku ma kun san shi.

Bari in ɗauke ku zuwa Amurka mu ga yadda wasu suke tuna mawaƙansu, sannan mu dawo gida. Da gangan na zaɓi mawaƙan Kirista masu kiɗan jita mai ƙarfi da ake kira rok, domin halin da suka shiga ya yi kama da na namu makaɗan. Su ma malaman addininsu da yawa sun tsine wa kiɗan nasu, sun ce na shaiɗan ne, jama'a kuma suna saurare a gida suna zagi a waje.

Akwai wani Mark Heard, mutumin jihar Jojiya. Masu sana'ar sun yarda gwani ne wajen tsara baiti, amma faifansa bai taɓa yin wata kasuwar a zo a gani ba. A watan Yulin 1992 ciwon zuciya ya kama shi yana kan dandamali a wani taron waƙoƙi da ake kira Cornerstone, a watan Agusta ya rasu yana da shekara 40, ya bar mata da 'ya ƙarama. Me abokan sana'arsa suka yi? Suka taru, kowa ya ɗauki waƙa ɗaya daga cikin nasa ya rera, aka haɗa faifai guda a 1994 mai suna Strong Hand of Love, har da manya irin su Bruce Cockburn ɗan Kanada da Phil Keaggy. A 1996 aka sake fitar da wanda ya fi shi girma, Orphans of God, faifai biyu, waƙa 34. Sunan wanda ya tsara waƙoƙin a rubuce yake ɓaro-ɓaro, kuma an yi aikin ne domin abin da aka samu ya taimaki iyalinsa. Mutane da yawa ma ta wannan faifan suka fara jin sunan Mark Heard, suka koma suna neman nasa na asali.

Na biyu shi ne wanda ya fi tsaya min a rai, Rich Mullins. Ya mutu a hatsarin mota ran 19 ga Satumba 1997. Kwana tara kafin nan ya shiga wani tsohon coci da aka daina amfani da shi, da 'yar rikodar kaset irin wadda muka sani, ya rera sababbin waƙoƙin da yake shirin fitarwa, shi kaɗai da fiyano da jita. Bayan rasuwarsa 'yan ƙungiyarsa suka shiga situdiyo suka rera waƙoƙin da kayan aiki na gaske. To ga inda maganar take: da za su fitar a 1998, sai suka haɗa faifai biyu a kwali ɗaya, na farko muryar mamacin ce a wannan kaset ɗin, da shuu ɗinsa da komai, na biyu kuma nasu. Wato ga abin da mai abu ya bari, ga kuma iya ƙoƙarinmu, mai saurare ya auna. A shekarar ne kuma wasu mawaƙan suka fitar da faifan tunawa da shi na daban.

Na uku Larry Norman, wanda ake ce wa uban wannan salon kiɗa. Shi ba a ma jira ya mutu ba. A 1995, bayan ciwon zuciya ya taɓa shi, matasan mawaƙa da suka taso da waƙoƙinsa suka yi masa faifai mai suna One Way. Ya ji da kunnensa, ya rayu har 2008.

Kada wani ya ɗauka ina cewa mutanen nan waliyyai ne. Kamfanonin faifai sun ci ribarsu, kasuwa ce, wani ma don ya tallata yaransa ya shiga. Amma ko ɗan kasuwar can ya san dokar ƙasarsu: in ka rera waƙar wani ka sayar, akwai ƙayyadadden kuɗi da za ka biya a kan kowane kwafi, kuma ba ka isa ka goge sunan mai ita ba. Ka nemi izini, ka faɗi sunan mai abu, ka ba magada rabonsu, ka bar na asali a inda za a same shi. A cikin huɗun nan wanne muke yi?

Na san abin da wani zai rubuto tun kafin ya gama karantawa: mu Musulmi ne, me ya haɗa mu da mawaƙan coci na Amurka? Malam, babu wanda ya ce ka saurari waƙarsu, ni ma ba tallarta nake ba. Kunya ce ya kamata ta kama mu. Mu ne muke tashi da karatun haramcin cin dukiyar maraya tun muna makarantar allo, mu ne muke da ilmin rabon gado da babu kamarsa, har sudusi da sumuni a ƙididdige. In mutum ya mutu ya bar akuya uku, sai an kira malami an raba. In ya bar waƙa ɗari uku da ake ta juyawa ana cin kuɗi da su, shiru kake ji. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira abu ne da shari'a ta kare, bai halatta a taɓa shi ba. Ban ce fatawa ta yi a kan kalangu ba. Amma ƙa'idar a fili take, abin da ƙwaƙwalwar mutum ta haifa dukiyarsa ce.

Sai wani ya ce ai kiɗa haramun ne, haramun kuwa ba ta da haƙƙi. To na ji. Wanda ya ɗauki wannan fahimta ya toshe kunnensa, ina girmama shi, kuma ba da shi nake ba. Da kai nake, kai da waƙar take cikin wayarka, ka sa ta a bikin ƙanwarka, ka sayar da ita naira hamsin ko ɗari a kan teburinka. Lokacin karɓar kuɗi halal ce, lokacin biyan marayu ne ta zama haram? Haba jama'a. Tsohuwar cutarmu ce dai ta raina maroƙi. Mu yi rawa da kiɗansa, mu ji daɗi in ya ambaci sunan kakanmu, amma ba ma ba shi 'ya, ba ma kuma ɗaukar abin da ya ƙirƙira a matsayin abin da ake mallaka. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa na dakta a 1988, amma har gobe a zuciyar wasunmu waƙarsa kamar ciyawar bakin hanya take, kowa ya zo da laujensa.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta masu cewa waƙar gargajiya ai ta kowa ce, haka aka gada, wannan ya ɗauka a wurin wancan. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa zan ɗan daɗe a nan. E, makaɗan da sun gaji juna. Musa Ɗanƙwairo a gidan kiɗa ya tashi, a bayan mahaifinsa da yayansa ya yi amshi kafin ya ja ƙungiya, 'ya'yansa kuma suka ɗora bayansa. Amma ku dubi yadda ake gadon. Yaro zai yi shekaru yana ɗaukar ganga, yana amshi, yana cin tuwon gidan maigida, yana shan faɗansa. In ya fara waƙa da bakinsa, sai ya ambaci wanda ya koya masa, domin makaɗin da bai san ubangidansa ba abin dariya ne a cikin makaɗa. In maigida ya rasu, yaran nan su ne masu kai wa iyalinsa goron sallah da rabon abin da aka samu a wasa. Wannan shi ne lasisin gargajiya, kuma ya fi na takarda tsada. Wanne daga ciki ɗan situdiyo ya biya? Ya sauke waƙa a intanet da daddare, da safe ya kira kansa magaji. In gargajiya kuke so, bismilla, a yi ta gaba ɗayanta.

In kuma doka kuke so, ita ma tana nan. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris 2023, ta bar waƙa a hannun mai ita duk tsawon ransa, bayan rasuwarsa kuma har shekara 70, sai fa in shi da kansa ya sayar wa wani kamfani, to sai a nemi kamfanin. Ku yi lissafi da kanku. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, ke nan sai bayan 2061. Shata sai bayan 2069. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa ta rasu a 2013, sai bayan 2083. Ɗanmaraya sai bayan 2085. Yawancin masu karanta wannan rubutun ba za mu ga ranar da waƙoƙin nan za su zama na kowa ba. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa, akwai ƙungiyoyin da ke karɓar wa mawaƙa kuɗi daga gidajen rediyo da wuraren biki, amma ku tambayi tsohon ɗan amshi a ƙauye ko ya taɓa jin sunansu. A Kano kuma muna da Hukumar Tace Fina-finai tun 2001, mai kaifin ido a kan rawa da sutura da kalmar batsa. Ina roƙonta ta ƙara tambaya ɗaya tak ga duk wanda ya kawo waƙa: taka ce? In ba taka ba ce, ina takardar magada?

Kuɗi ma a gefe. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ɓarnar da ake yi wa waƙar kanta. Waƙar makaɗan da rajista ce ta mutane. A bakin Shata za ka ji sarki, ka ji direban babbar mota, ka ji ɗan kasuwa, ka ji malamin asibiti, ka ji garuruwan da ya kwana da waɗanda suka yi masa alheri. Jikokin mutanen nan suna raye, wani abin da ya rage masa na kakansa ke nan. Sai yaro ya zo ya cire sunan mutumin da aka yi wa waƙa shekara hamsin da suka wuce, ya cusa sunan amarya ko na ɗan takarar kansila. Waƙar fada ta Sakkwatawa kuwa, da yake bai san kalmomin ba, sai ya tauna su ya maye da abin da ya yi kama da su a kunnensa, ma'ana ta tafi. Bayan shekara goma yara za su ɗauka tasa ce ta asali, ta mai kotso kuma kwaikwayo. Yanzu ga wata sabuwa, ana sa kwamfuta ta kwaikwayi muryar mamaci ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Mutum yana kabari ana sa shi tallar jam'iyyar da aka kafa bayan mutuwarsa. Wa ya ba ku wannan izinin?

Su Shata ma da sauƙi, sun yi suna, akwai masu tsaya musu. Malam Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun rubuta tarihin Shata, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi shekaru yana tattara waƙoƙin baka yana rubutawa, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi nasa ƙoƙarin, gidajen rediyo irin na Kaduna suna da tsofaffin faya-fayai. Namu na nan gida fa, na Karaye da Rogo? Makaɗan noma da ke zuga samari a gayya, masu kalangun mahauta, makaɗan farauta, zabiyoyi da mata masu kiɗan ƙwarya, masu algaita da tambari a ƙofar fada, sha'irai masu bege da mandiri. Wa ya ɗauki muryarsu? Da aka gina dam ɗin Challawa, wanda aka kammala a 1992, garuruwa sun tashi, wasu wuraren yanzu ruwa ne a kansu. Sunayen fadamun nan da na manoman da suka yi tashe a cikinsu, in ba a bakin tsofaffin makaɗa ba, a ina za ka same su?

Akwai wani tsoho mai gangar noma a wani ƙauye ta wajen Rogo, ba zan faɗi sunansa ko na garin ba saboda iyalinsa. Tun ina yaro nake jin sa a gayya, in ya kama kirarin wani manomi sai ka ga mutum ya manta da yunwa, ƙura kawai ke tashi. Yana da wata waƙa da ya yi wa wani sarkin noma da ya daɗe da rasuwa. Wani yaro ya ɗauke ta a waya a wurin biki, ta yi yawo, ta faɗa hannun wani mai situdiyo a birni. Lokacin zaɓen 2023 sai ga ta a lasifikar motar kamfe, karin nan dai, amshin nan dai, an cire sarkin noma an sa ɗan takara. Tsohon ya riga ya rasu. Matarsa tana nan tana sayar da daddawa, a ƙofar gidanta motar ta wuce. Da na je gaishe ta, abin da ta ce min kawai shi ne, ɗan nan, ashe waƙar Malam ta shiga birni. Murna take yi, wallahi. Ba ta san an biya wani kuɗi a kanta ba, ni kuma na rasa bakin da zan gaya mata.

'Yan uwanmu Hausawa Kirista na ƙauyukan Rogo da Karaye, waɗanda muke kasuwa ɗaya, muke sayen taki a layi ɗaya, su ma cutar ba ta bar su ba, don haka kada su karanta labarin Amurka su ce namu ne suka iya. Duk wanda ya taɓa wucewa ta kusa da coci ranar da matan zumunta ke waƙa ya san abin da nake nufi. Hausa ce tsantsa, irin ta kakanni, da tulu da ƙwarya da kacau-kacau, kuma mafi yawa wata baiwar Allah ce a ƙauye ta tsara, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa. Waƙar za ta bi taron mata daga wannan gari zuwa wancan, wata rana sai ka ji ta a faifan wani mai jita a Jos ko Abuja, an rubuta shi ya tsara, in an yi adalci a ce ta gargajiya ce. Gargajiyar nan fa tana da suna, tana da jikoki, tana bin bashin kuɗin makaranta.

Ga kuma Bala Miller. Matasa da yawa ba su ma taɓa jin sunan ba. Ɗan limamin coci ne daga Kiristocin farko na ƙasar Zazzau, an haife shi a 1928, ya rasu a 2003. Ya kafa babbar ƙungiyar kiɗa ta zamani a Kaduna, da kakaki irin na Turawa da jita da ganguna, yana waƙa da Hausa, yana da shiri a talabijin na NTA, ya koyar da matasa da yawa busa da kiɗa. Waƙarsa Ikon Allah Musulmi da Kirista duk sun saurare ta. Duk mai ɗora Hausa a kan kayan kiɗan zamani yau, ya sani ko bai sani ba, ta hanyar da su Bala Miller suka share yake tafiya. A ganina mutumin nan tsakanin kujera biyu ya faɗa. Mu muka ce ba namu ba ne saboda addininsa, masu coci kuma suka ga ai mai kiɗan kulob ne. In da akwai wanda ya cancanci mawaƙan Kano da na Jos su haɗu a faifai ɗaya saboda shi, to shi ne. Panam Percy Paul kuma yana nan da ransa, ya haura shekara sittin, ya yi waƙa da Hausa da Turanci shekaru aru-aru. Masu jin sun taso a hannunsa, me kuke jira, sai an sa hotonsa da baƙin zare?

To me nake nema? Ba abu ne mai wuya ba. Masarautar Karaye, wadda tun 2024 ƙananan hukumomin Karaye da Rogo ne a ƙarƙashinta, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane gida. Da umarni ɗaya za a iya sanin makaɗa da mawaƙan da suka rage daga Yammedi zuwa Turawa, daga Zarewa zuwa Fulatan da Beli, da waɗanda suka rasu da inda magadansu suke. A ɗauki muryar masu rai yanzu, da waya mai kyau ma ya isa, a rubuta sunan mai waƙa da na 'yan amshinsa da wanda aka yi wa ita da shekarar. 'Yan amshin nan kada a manta da su, domin rabin daɗin waƙar a bakinsu yake, kuma su ne suka fi kowa shiga wahala in maigida ya kwanta dama. Sannan a kira matasanmu masu murya, kowa ya ɗauki ɗaya, ya je da ƙafarsa gidan mai ita ya nemi izini a gaban shaidu, a rubuta kason iyali a takarda, dagaci ya sa hannu. In za a fitar, a yi irin ta mutanen Rich Mullins, ta asali a gaba, sabuwa a baya, kuma ba a taɓa sunan kowa a cikin baiti. Shafin da za a ɗora su a YouTube ya zama da sunan magada ko na kwamitin da suka yarda da shi, kada ya zama na wani yaro mai wayo da zai ɓace da lambar sirri.

Kuɗin fa? Kada ku ba ni dariya. Kowa ya san abin da ake kashewa a waƙar kamfe guda ɗaya, wadda bayan zaɓe ko mai ita ba ya son jin ta. 'Yan majalisarmu na jiha da na tarayya da shugabannin ƙananan hukumomin nan biyu, abin da ɗayanku ke liƙa wa mawaƙi a daren biki ɗaya zai ɗauki muryar tsofaffin gunduma guda. Manyan mawaƙan zamani kuma da Allah ya ɗaga, irin su Dauda Kahutu Rarara da ke nan maƙwabtanmu ta Danja, da Aminu Ala, da Naziru Sarkin Waƙa, ba zarginku nake ba, kira ne. Ku kuke da situdiyo, ku ake jin maganarku. In ɗayanku ya fito ya ce daga yau duk wanda zai rera waƙar mamaci sai ya nuna yardar magada, yaran za su bi. Ku tuna ku ma wata rana hotonku za a sa, 'ya'yanku kuma su zauna suna kallon wani yana cin abinci da muryarku.

Ƙannena 'yan situdiyo, na san ku ma ba a kan katifar kuɗi kuke kwana ba. Masu tura waƙa suna cinye ku kamar yadda kuke cinye mamata, ka kashe kuɗin sashin ka fito, washegari waƙarka tana kan kowane teburi ba ko sisi. Ai shi ya sa ya kamata ku fi kowa gane zafin abin. Ban ce ku daina rera waƙoƙin da ba, ina so ku rera, domin in ba ku rera ba yaranmu ba za su san su ba. Kuɗin mota zuwa Funtuwa ko Maradun ko Bukur ku gaida iyali bai kai kuɗin hayar motar da kuke jingina da ita a bidiyo ba. Da yawa daga magadan nan in kun je da ladabi da ɗan abin hannu, albarka za su sa muku, har su ba ku wasu baitocin da ba a taɓa ɗauka ba. Ku gwada mana.

Masu tura waƙa na tashar Karaye da kasuwar Rogo, ku ma akwai naku. Ko ba ku biya kowa ba, ku daina goge suna. Waƙar da kuka san ta wane ce ku rubuta sunansa a kanta, ku daina tara su a jaka ɗaya da sunan tsofaffi.

Wanda ya san makaɗi ko zabiya ko mai bege ko mai tsara wa matan zumunta waƙa a garinsu, mai rai ko wanda ya rasu, ya rubuto sunan garin da irin kiɗan a ƙasa. Kada a sa lambar wayar kowa a fili, a turo min ta akwatin saƙo. Wanda kuma yake da tsohon kaset na biki ko gayya ko hawan sallah a ƙasan akwati, don Allah kada ya cusa shi a rediyo don ya gwada, zaren ya bushe, yana iya tsinkewa ko rediyon ya tauna shi. A naɗe shi a tsumma mai tsabta, a ajiye inda babu zafi babu laima, akwai masu na'urar juya shi a Kano, in mun tara da yawa sai mu kai gaba ɗaya.